Motata na nauyin tashi da safe: batir ne, caji ne, ko kik?

Tambaya

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan da na sayi Toyota Corolla ƙirar 2007, otomatik, 'yar Kwatano. Tun shigowar sanyi ta fara yi mini nauyin tashi da safe. In na murɗa makulli sai injin ya juya a kasalance, wata rana kuma sai dai in ji "ƙas-ƙas-ƙas", fitilun dashbod suna dushewa. Sau biyu ina kai batirin wurin mai caji, ya yi kwana uku ko huɗu lafiya, sai a koma gidan jiya. Akwai wani farin gari da ke taruwa a kan batirin. Rewaya ya cire kan batir mota na aiki, ba ta mutu ba, ya ce caji lafiya lau. Wani makanike ya ce kik ne, mai sayar da batir kuma ya ce in sayi sabo kawai. Tsakanin gidana da makaranta bai wuce tafiyar minti goma ba. Kuɗin da ke hannuna na gyara ɗaya ne, ba na so in zuba su inda ba nan ciwon yake ba. Me zan yi?

Wani malamin makaranta daga Zariya

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Daga abin da ka zayyana, zargina ya fi karkata ga batirin, amma kada ka fitar da kuɗi tukuna. Mutum ukun da ka tuntuɓa kowa ya hango ciwon a ɓangaren sana'arsa, kuma babu wanda ya auna komai a cikinsu. Abin da zai raba gardama ita ce ƙaramar mitar auna wuta, irin wadda masu gyaran rediyo da masu haɗa sola ke riƙewa. Kuɗinta bai kama ƙafar na batir ba, in ma ba ka saya ba za ka samu aro. Da ita da sifana mai lamba 10 za ka gano inda matsalar take cikin kwana biyu ko uku.

Mu fara cire kik daga lissafi. Kik ɗin da ya lalace ba ya warkewa don an yi wa batir caji, kai kuma ka ce duk sanda aka yi caji motar na tashi lafiya har kwana uku. Ƙarar da kake ji ma shaida ce. Idan kik ne ya mutu, yawanci ƙara ɗaya za ka ji ko shiru gaba ɗaya, fitilun dashbod kuma suna nan da haskensu. Ita kuwa ƙarar nan mai maimaituwa da sauri tare da dushewar fitila, ma'anarta wutar ta isa ta ja maganaɗisun da ke kan kik, amma da zarar ya nemi juya injin sai ta faɗi, ya saki, ya sake kamawa. Ƙarancin wuta ke nan, kuma dalilinsa ba ya wuce huɗu: ko wutar na cikin batir ta rasa hanyar fita, ko batirin ya daina riƙe caji, ko altaneta, wato na'urar da ke yi masa caji in inji na aiki, ba ta cika shi, ko wani abu na shanye wutar da dare.

Fara da farin garin nan, domin shi ne gyaran da ba ya cin kuɗi. Tururin asid ne ke cin dalmar kan batir da tagullar waya, ya bar wannan garin, kuma wuta ba ta bi ta cikinsa. Kik ɗin injin Corolla yana jan sama da amfiya 100 a lokacin tayarwa, don haka ɗan dattin da ba zai hana rediyo aiki ba ya isa ya hana mota tashi. Kama kowane kai da hannu ka gwada juya shi. In ya motsa, a sake yake. Kwance shi, ka narka cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa, ko ka jiƙa kanwa ka tace, ka zuba a kan garin. Zai yi kumfa, alamar asid ɗin na mutuwa. Ka tabbatar murafun batirin a rufe suke, domin in ruwan nan ya shiga ciki zai kashe asid ɗin da batirin ke aiki da shi. Ɗauraye, ka shanya, ka goge sandar batirin da cikin zoben wayar da ke kama ta da sanfefa har su yi ƙyalli. Daga nan ka bi baƙar waya zuwa inda aka ɗaure ta a jikin mota da jikin inji, ka duba tsatsa ko sakin noti. Idan zoben ya buɗe ba ya kamawa, a canza shi. Cusa ƙusa ko dukan kan batir da dutse yana tsaga robar da ke kewaye da sandar, ta nan asid zai riƙa tsattsafowa, garin ya dawo fiye da da.

Yanzu awo na farko. Da asuba, kafin ka taɓa makulli, juya mitar zuwa DC a kan lamba 20. Ɗora jan tsinke a kan sanda mai alamar +, baƙi a kan mai alamar −, a jikin dalmar kanta, ba a kan zoben ba. Batirin mota ɗakuna shida gare shi, kowane yana ba da kusan bolt 2.1, shi ya sa cikakke ke nuna 12.6 ko ɗan sama. In ka ga 12.4, kashi uku cikin huɗu ne a ciki. 12.2 rabi ne. 12.0 saura kwata. In kuwa ka ga wajen 10.5 ko bayan cikakken caji, ɗaki ɗaya ya mutu, babu cajin da zai dawo da shi, zance ya ƙare. Dalilin da ya sa na ce da asuba shi ne, batirin da aka sauke daga caji yanzu ko aka kashe mota yanzu yana nuna 13 ko fiye na ɗan lokaci, ko da ya lalace. Da wannan lambar ake yaudarar mai saye, wani lokacin ma mai sayarwar bai san ƙarya take yi ba.

Ƙaramar lamba ita kaɗai ba ta isa hukunci ba, domin batir mai lafiya ma in an bar shi da yunwa haka zai nuna. Sai a ba shi cikakken caji a ga ko zai riƙe. A nan nake da shakka kan cajin da aka yi maka sau biyu. Ƙa'idar ita ce a ba batir kashi ɗaya cikin goma na girmansa: mai amfiya 60 a ba shi amfiya 6, na tsawon awa goma zuwa goma sha biyu. In aka banka masa wuta mai ƙarfi na awa ɗaya ko biyu, zai yi zafi, ya yi kumfa, ya tayar da mota a ranar, amma bai cika ba, kuma an ƙara gajiyar da shi. Ka nemi a yi masa cajin sannu. Kawo shi gida ka ajiye ba tare da ka haɗa shi da mota ba, ka auna bayan awa goma sha biyu, ka sake aunawa washegari. Mai lafiya zai tsaya a 12.5 zuwa 12.6 na kwanaki. Wanda ya sauko 12.2 babu abin da ke jan sa, shi ke cin kansa, ya gama aiki.

Awo na biyu ya fi na farko tona asiri. Mayar da batirin, ka riƙe tsinkayen a kan sandunan, wani ya murɗa makulli kana kallon mitar. Lambar za ta faɗi, wannan dole ne, amma kada ta sauka ƙasa da 9.6. Akwai batirin da zai nuna maka 12.6 a zaune, ana murɗa makulli ya zube zuwa 7 ko 8. Farantan cikinsa sun cinye, kamar tankin ruwa ne da ke nuna cike alhali yashi ya cika rabinsa. Idan kuma a sanda lambar ta tsaya sama da 10 amma injin na juyawa da kyar, sai ka ɗora tsinke ɗaya a kan sanda, ɗaya a kan zoben da ya kama ta, a sake murɗawa. Ya kamata ka ga kusan sifili. In ya wuce 0.2, wutar a nan take maƙalewa, batirin ba shi da laifi.

In batirinka mai murafu ne, buɗe ka leƙa kowane ɗaki. Ruwan ya rufe farantan da kamar santimita ɗaya. Ɗakin da ruwansa ya koma ruwan ƙasa ko baƙi, farantansa ne ke zubewa. Kumburin gefen batir da warin ruɓaɓɓen ƙwai su ma alamun mutuwa ne. Ɗan idon nan mai nuna kore kuwa ɗaki ɗaya kawai yake gani cikin shida, kada ka dogara da shi.

Sai batun rewaya. Malam, kada ka sake bari a cire kan batir mota na aiki. Dabara ce da ta zauna a hannun masu gyara tun zamanin motocin da ba su da kwamfuta, kuma a motarka haɗari ce. Batir ne ke shanye tsalle-tsallen wutar da altaneta ke fitarwa. In an cire shi, wutar na iya haurawa a cikin ƙiftawar ido ta ƙona dayod ɗin altaneta ko kwamfutar injin, wadda makanikai ke ce wa biren bos, kuma kuɗinta ya ninka na batir. Ban da haɗarin, gwajin ba ya tabbatar da komai. Altanetar da ke ba da bolt 12.8 za ta riƙe inji yana aiki, amma ba za ta taɓa cika batir ba. Ga yadda ake yi: tayar da mota, ka auna a kan sandunan. Ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.7. Kunna manyan fitilu da esi da fanka, wani ya taka totur har allurar gudun inji ta kai 2,000, lambar ta tsaya a 13.5 ko daf da shi. In ta gangaro ƙasa da 13, a duba bel ko ya saki ko ya yi santsi, sannan burushin altaneta da regileta mai daidaita wutar caji. In ta haura 15, regileta ta lalace tana dafa batirin, kuma sabon da za ka saya ma haka za ta dafa shi cikin 'yan watanni. Fitilar nan mai hoton batir da ke dashbod ita ma maganar caji take yi, ba lafiyar batir ba. Rashin kamawarta ba shaida ba ce cewa batir lafiya yake.

Saura ɓarawon dare, wanda aka fi mantawa da shi a motocin hannu, alhali su ne aka fi yi wa ƙare-ƙaren waya. Kashe komai, zare makulli, rufe ƙofofi. Mayar da jan tsinken mitar ramin 10A, ka juya ta zuwa awon amfiya na DC. Kwance baƙin kai, ka ɗora tsinke ɗaya a kan sandar, ɗaya a kan zoben da ka cire, yadda duk wutar da ke fita sai ta bi ta mitar. A wannan hali kada a murɗa makulli, mitar za ta ƙone. Jira minti ashirin zuwa talatin kwamfutocin motar su yi barci. Abin da ya dace ka gani shi ne 0.05 ko ƙasa. In ya wuce haka sosai, wani ya riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya kana kallo, wanda aka zare lambar ta faɗi, layinsa ne. Waɗanda aka fi kamawa su ne rediyo mai allo da aka sa daga baya, na'urar bin sawun mota, ƙararrawar ɓarayi, da fitilar but da ba ta mutuwa in an rufe. Kada ka raina ƙwan fitila mai wat 5: yana jan kusan amfiya 0.4, a kwana uku ya sha kusan 30, rabin batirinka ke nan. In ka zare fiyus duka lambar ba ta faɗi ba, a cire babbar wayar bayan altaneta a gani, domin dayod ɗin da ya lalace yana barin wuta ta koma baya in mota na kashe.

Idan caji ya fito daidai, babu ɓarawo, batirin kuma ya faɗi a awon riƙewa ko na tayarwa, to sai saye. Abin da ya sa tun farko na zarge shi: motar Kwatano takan yi makonni a jirgi da tasha da filin dillalai ba a tayar da ita, batirinta na kwance babu caji. Batirin dalma in ya daɗe a haka, wani farin gishiri ke daskarewa a farantansa, wanda caji ba ya narkar da shi duka. Ga zafin ƙasarmu, wanda ke ƙafar da ruwan batir yana cin farantansa, shi ya sa a nan batir ya yi shekara biyu zuwa uku ya yi ƙoƙari. Bazara ce ke kashe shi, hunturu ne ke tona shi, domin da sanyin asuba man inji ya yi kauri, batirin kuma ƙarfinsa ya ragu. Tafiyarka ta minti goma ma ba ta isa mayar da abin da aka ci ba, balle in da fitila da esi a cikin go-sulo.

A wurin saye, mutane amfiya kawai suke tambaya, alhali abu uku ne. Na farko girman jiki. Corolla irin taka tana ɗaukar wanda ake rubuta wa 55D23L ko 75D23L, 'yan Amurka kuma suna kiran girman da lamba 35, wato mai amfiya 60 zuwa 65. Lambar 23 tsawonsa ne a santimita. Je da tsohon, ko ka auna mazauninsa da tef. Na biyu harafin ƙarshe, L ko R, wanda ke nuna ɓangaren da sandunan suke. In ka ajiye mai L sandunansa na kusa da kai, + na hannun damanka. In ka sayo kishiyarsa wayoyin ba za su kai ba, ko kuma a haɗa a juye, wanda ke ƙona babban fiyus da altaneta nan take. Duba kaurin sandunan ma, domin ƙananan batura irin NS40 sandunansu sirara ne, zobenka ba zai kama su ba. Na uku lambar CCA, ƙarfin tayarwa, kada ta gaza ta tsohon. Babu amfanin cusa mai amfiya 100 a mazaunin mai 60: ba zai ɗauru ba, yana iya taɓa bonet, kuma ba ya maganin altanetar da ba ta caji.

Je da mitarka shago. Sabon batir ya nuna aƙalla 12.4 a kan kanta, in 12.6 ne ya fi. Nemi kwanan watan ƙera shi a jiki ko a takardar da aka manna, kada ka ɗauki wanda ya wuce wata shida a ajiye. Akwai tsofaffin da ake wankewa a sake musu takarda, ana gane su da sawun zobe a kan sanda da karce a gindi. Ɗaga shi ka ji nauyi. Mai amfiya 60 na kirki yana kai kilo 15 ko fiye, wanda ya fi sa'o'insa sauƙi a hannu dalmarsa aka rage. Karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata da lambar batirin da tsawon garanti. Ni dai ba na ba da shawarar sayen batir na hannu ga mai kuɗin gyara ɗaya. Tsohon naka kuma kuɗi ne, a rage maka farashi da shi. Kada a ajiye shi a tsakar gida inda yara ke wasa, kada a zubar da ruwansa a kwata, dalma guba ce, asid kuma yana ƙuna.

Canjin kansa aikin minti ashirin ne. Kashe mota, zare makulli ka sa a aljihu, ka cire zoben yatsa da agogon ƙarfe, kuma babu sigari ko wuta a kusa, domin batir na fitar da iska mai kamawa. Fara kwance baƙin kai, mai alamar −, ka kawar da shi gefe. Dalilin wannan tsari shi ne jikin motar gaba ɗaya a haɗe yake da −. In ka fara da ja, sifana ta taɓa ƙarfen mota, ka haɗa batirin kai tsaye, sifanar na iya yin ja ta ƙona hannu. Bayan baƙi sai ja, sai ƙarfen da ya danne batirin. Ɗago shi a miƙe kada ya karkata. Wanke mazaunin da ruwan sodar nan, ka shanya. Zaunar da sabon, ka duba sau biyu cewa + na wajen jar waya. Ɗaure ƙarfen dannewa har batirin ya daina motsi, domin girgizar hanyoyinmu na karya farantai, kuma igiyar roba ba ta maye gurbin ƙarfen. Wajen haɗawa kuma ja ake fara ɗaurawa, baƙi a ƙarshe. Tura zoben har ƙasan sanda, ka ɗaure daidai yadda hannu ba zai juya shi ba, sannan ka shafa ɗan giris ko basilin a sama, bayan ɗaurewa, ba kafin ba.

Bayan canjin agogo da tashoshin rediyo za su goge. Injin ma yana iya yin rawa ko ya yi ƙasa-ƙasa a tsaye na ɗan lokaci, domin kwamfutar ta manta saitin da ta koya. Bar shi ya yi aiki minti goma komai a kashe, sannan ka zaga. In rawar ta wuce kwana biyu, a wanke bakin totur, datti ne. Masu Honda Accord na waɗannan shekarun su nemi lambar sirrin rediyonsu kafin su cire batir, don tana kullewa. Masu motocin da ke kashe kansu a danja kuma sai batir nau'in EFB ko AGM, na gama-gari ba ya jure musu.

In sabon mai murafu ne, duba ruwansa duk wata, musamman daga Maris zuwa Mayu. Tataccen ruwa kawai ake ƙarawa, ba asid ba, domin ruwan ne ke ƙafewa, asid ɗin na nan. Ruwan rijiya, na burtsatse da fiya wata duk suna da gishirin da ke lalata farantai. Tunda tafiyarka gajera ce, ka ba motar tafiyar minti talatin zuwa arba'in a buɗaɗɗiyar hanya sau ɗaya a mako, kuma in za ta kwana fiye da mako biyu a ajiye, kamar lokacin hutun makaranta, ka cire baƙin kai. A safiya uku na farko ka auna sabon kafin ka tayar, ka rubuta lambobin a bayan rasit. In suna tsaye a 12.5 zuwa 12.6, an dace. In kullum raguwa suke yi, ka maimaita awon caji da na ɓarawon dare a ranar, in duka biyun sun fito daidai ka mayar da batirin shago da rasit ɗinka tun garanti bai ƙare ba.